Tsohuwar jitar bas: abin da ya kamata ku sani kafin ku kai ta gyara

A Kafin Hausa, kamar sauran garuruwan masarautar Haɗeja, kunne ya fi sabawa da kalangu da garaya da kukuma, sai kuma kiɗan fiyano na waƙoƙin fim. Jitar bas baƙuwa ce. Ita ce mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri, mai amon nan da ake ji har cikin ƙirji in an saki lasifika a wajen biki. Amma akwai tsofaffinta a Arewa. Ƙungiyoyi irin ta marigayi Bala Miller a Kaduna, da makaɗan otal-otal da majami'un Sabon Garin Kano, duk sun kaɗa ta. Da fiyanon Yamaha ya mamaye situdiyo, mutum ɗaya ya koma yin aikin ƙungiya guda, sai aka jingine jitoci da yawa a sito.

Wasu daga cikin irin waɗannan jitoci kuɗi ne. A 1951 Leo Fender ya fito da samfurin Precision a Amurka, a 1960 ya ƙara da Jazz Bass. A 1965 ya sayar da kamfaninsa ga CBS, kuma har gobe masu tarawa sun fi rububin waɗanda aka ƙera kafin cinikin, suna zuba musu dubban daloli. Irin waɗannan kan ɓuya a gidaje: jitar bas ƙirar Höfner da mawaƙi Paul McCartney ya saya a Hambug a 1961, aka sace a Landan a 1972, sai a 2024 aka ba da sanarwar an gano ta a wani gida a Ingila.

Kada dai a sa rai da yawa. Wadda za a tsinta cikin kayan gwanjo ta fi yiwuwa ta zama kwaikwayo, don liƙa tambarin Fender ba wuya. A duba lambar da ke jikin farantin ƙarfen da ya haɗa wuya da gangar jiki. In aka kwance wuyan kuma, sau da yawa akan ga kwanan watan ƙira a gindinsa. Ko ta Japan ce ta shekarun 1970, irin su Greco da Ibanez, tana da masu nemanta.

Inda muke tafka asara shi ne wajen gyara. Mu dai abu in ya koɗe sai a kai wa mai fenti, alhali a wannan harka koɗewar ita ake saye. Gurbin da gumin hannun makaɗi ya cinye, da tsattsagewar tsohon fenti, su ne shaidar asali, kuma masu harkar kan ce sabon fenti na iya zabge rabin farashi. Haka in mai gyaran rediyo ya canza waya ko maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, a karɓi tsofaffin a adana, kada su bi 'yan gwangwan.

Sai yanayinmu. Hunturun Jigawa na tsotse danshin katako, wuyan ya motse, bakin ƙarafan da ke jere a kansa su fito suna kartar yatsa. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake murɗawa a miƙe shi, amma kaɗan-kaɗan ake yi, kuma ba aikin kafinta ba ne. Da damina tsatsa ce ke cin tsirkiya. A ajiye ta cikin akwatinta, nesa da zafin kwano, a kuma ɗaga ta daga ƙasa saboda gara.