Kuri da Kumsa: Da'irorin da ke Cikin Alƙur'anin Hannu

Mutanen da suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, sun taho da Alƙur'anansu na hannu cikin gafaka, a ruwayar Warshu. Jikokinsu ne yau a Mai Wurno, da ƙauyukan bakin kogi har zuwa Damazin. Duk wanda ya buɗe irin wannan Mushafi, da'irori masu launi ne za su fara ɗaukar idonsa.

Wasu suna zaton hatimi ne mai ɗauke da sirri. A'a, alamomin hanya ne ga mai karatu. Ɗigo uku a haɗe, ƙarshen aya. Kumsa, mai kama da harafin ha, aya biyar ke nan, domin ha biyar ce a hisabi. Kuri, 'yar ƙaramar da'ira, aya goma. Babbar da'irar da ke gefen shafi kuwa izu ce, kuma sittin ne daga Baƙara zuwa Nasi. Tsakanin kowace izu da 'yar uwarta akwai alamun sumuni da rubu'i da nusufi. Wuraren sujada goma sha ɗaya na mazhabar Malikiyya su ma an ƙawata su, don kada mai tilawa ya wuce bai sani ba.

Zana ta ba wuya, haƙuri take so. A kafa ƙafa ɗaya ta kamfas a tsakiya, a juya ɗayar. Kada a taɓa buɗinsa. A ɗora tsininsa a bakin da'irar, a yi ta takawa. Taku shida cif zai komo inda ya fara. In aka ja baka daga kowane mataki, sai fure mai kunne shida ya fito. Daga nan a cike da jan tawada da rawaya, baƙi ya zo ƙarshe ya kame iyaka. Mai gaggawa yakan bar jan ya malala cikin rawayar, kuma takarda ba allo ba ce balle a wanke.

Rikicin 2022 a wannan jiha, da yaƙin da ya ɓarke a 2023, sun raba iyalai da yawa da gidajensu, ga shi kuma yara sun koma karatu a waya. Iyaye, wanda gafakarsa ta tsira ya ciro warƙa ɗaya bayan Magariba, ya sa ɗansa ya ƙirga ayoyi daga kuri zuwa kuri.