Ma'aunin Mai Karatu a Kan Littattafan Matasa da Aka Ciro Daga Wasannin Talabijin

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa an saba ɗaukar littafi a mai da shi wasan kwaikwayo. An yi haka da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976. An yi da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda gidan talabijin na NTA Kaduna ya nuna a shekarun 1980, aka kuma yi da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991 ya zama fim a 1994. Abin da manazarta ba su faye waiwaya ba shi ne akasin wannan, watau inda wasan ne ya riga fitowa, sa'an nan aka ciro littafi daga cikinsa don matasa. A wannan maƙala za mu kira irin wannan littafi da sunan littafin rakiya, domin rakiyar wasan yake yi zuwa hannun mai karatu.

Manufarmu ita ce mu bayyana ma'aunan da mai karatu yake ɗora wannan littafi a kansu, da dalilin da ya sa suka sha bamban da waɗanda muke amfani da su a aji. Za mu riƙa ɗaukar misali daga Kaduna, musamman unguwannin da ke kudu da kogi, saboda dalilin da zai fito fili nan gaba.

Asalin littafin rakiya

Littafin rakiya iri biyu ne. Akwai wanda yake maimaita labarin da aka riga aka nuna, ya sake zuba shi cikin zube. Akwai kuma wanda yake aron taurarin wasan da wurin zamansu, ya ƙaga musu sabon labarin da ba a taɓa gani ba. A Amurka, James Blish ya fara mai da wasan Star Trek rubutattun labarai a 1967. A Ingila, kamfanin Target ya fara fitar da littattafan Doctor Who don yara da matasa a 1973, kuma Terrance Dicks shi kaɗai ya rubuta fiye da sittin daga cikinsu.

A Nijeriya, babban misali shi ne na Ken Saro-Wiwa. Wasansa na barkwanci, Basi and Company, ya yi tashe a gidajen NTA daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa 1990. A 1987 ya fitar da ƙagaggen labari mai wannan suna, ya kuma bi shi da jerin ƙananan littattafai na yara a kan tauraron wasan, irin su Mr. B da Mr. B Goes to Lagos, duk a ƙarƙashin kamfaninsa na Saros.

A ɓangaren Hausa kuwa, abin da ya fi kusa da wannan ya fito ne daga rediyon Kaduna. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi da ke cikin Zamanin Nan Namu, wanda aka buga a 1959, an fara jin su a rediyo kafin a karanta su. Haka nan Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan, shiri ne da masu sauraro suka saba da shi kafin kamfanin NNPC na Zariya ya buga shi a 1980. Waɗannan rubutattun wasanni ne, ba ƙagaggun labarai ba, amma halin da mai karanta su yake ciki ɗaya ne da na mai karanta littafin rakiya: ya san mutanen ciki tun kafin ya buɗe shafin farko. Wannan sani shi ne tushen duk hukuncin da zai yanke.

Dalilin zaɓen kudancin Kaduna

An buɗe talabijin a Kaduna a 1962, a ƙarƙashin kamfanin watsa labarai na Jihar Arewa, kafin a haɗe gidajen talabijin na ƙasa su zama NTA a 1977. A daidai wannan zamani ne unguwannin ƙetaren kogi, irin su Kakuri da Makera da Barnawa da Narayi da Sabon Tasha da Television, suka cika da ma'aikata. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot kuma ya buɗe a 1975. Mutanen da suka taru a nan sun fito daga ƙabilu barkatai, kuma Hausa ce ta haɗa da yawansu a kasuwa da wurin aiki, ko da yake ba ita ce harshen gidan kowa ba. Yawancin masaƙun sun rufe a shekarun 2000, amma wannan cakuɗuwar harshe tana nan. Ke nan matashin da ya tashi a nan mai kallo ne da ke jin Hausa iri-iri, kuma kunnensa yana saurin rarrabe su. Wurin da ya fi dacewa da gwada ma'auni na farko ke nan.

Ma'auni na farko: murya

Abin da mai karatu yake fara nema shi ne muryar tauraron da ya sani. Idan ya karanta magana bai ji ta da muryar ɗan wasan a cikin kansa ba, sai ya ce ai wannan ba wane ba ne, don kama da wane ba ta wane. A littafin da ba shi da wasa a bayansa, marubuci ne ke gina tauraro, mai karatu ya karɓa. A littafin rakiya kuwa, mai karatu ya zo da nasa tauraron a shirye, marubuci ne ake jarrabawa.

Mu ɗauki Samanja Mazan Fama, wasan da Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya shahara da shi a rediyo da talabijin na Kaduna. Rabin armashin wasan yana cikin Hausar bariki da Samanja yake yi: ba ya bambance namiji da tamace a nahawu, baƙaƙe masu ƙugiya suna zubewa a bakinsa, Turancin soja yana kutsawa cikin kowace jimla. A ce yau marubuci ya tashi mai da wannan wasa littafi. In ya bi ƙa'idojin rubutun daidaitacciyar Hausa, ya kashe Samanja. In kuma ya rubuta maganar yadda take fita, ya faɗa wata matsalar, domin a talabijin fuskar ɗan wasan da kwarjininsa suna nuna cewa da shi ake dariya, amma a takarda babu fuska, sai karkatacciyar jimla tsirararta. Yaron Kakuri da mahaifinsa ke irin wannan Hausar yana iya ganin cewa gidansu ake yi wa dariya. Saro-Wiwa bai gamu da wannan ba, saboda tun farko da gangan ya sa 'yan wasansa yin daidaitaccen Turanci, don haka maganarsu ta shiga littafi ba tare da gyara mai yawa ba.

Ma'auni na biyu: dacewa da abin da aka gani

Mai kallo yana riƙe da ƙananan abubuwa fiye da yadda marubuci ke zato. Ya san wace ce uwargida, ya san wanda ke bin wani bashi, ya san abin da aka faɗa a makon jiya. Kuskure ɗaya a irin waɗannan ya isa ya zubar da mutuncin littafin duka, domin gani ya kori ji, kuma abin da ido ya gani shi ne gaskiya a wurinsa.

Sai dai wannan ma'auni yana ɗaure marubuci. Muddin wasan yana ci gaba, ba shi da ikon aurar da tauraruwa, ko kashe mugu, ko azurta matalauci, don mako mai zuwa za a gan su a talabijin yadda suke. Da Basi zai sami dukiyar da yake mafarki, da wasan ya ƙare. Saboda haka tilas labarin ya zagaya ya komo inda ya tashi. Shi kuma mai karatun da ya hana a taɓa kome, shi ne zai rufe littafin ya ce babu abin da ya faru a ciki. Gwanin marubuci yakan fita daga wannan tarko ta hanyar kawo baƙon tauraro wanda nasa ne, wanda yake da ikon ɗaukaka shi ko kā da shi, ko kuma ya koma baya ya ba da labarin ƙuruciyar tauraron, inda wasan bai taɓa leƙawa ba.

Ma'auni na uku: ƙari

Mai karatu yana tambayar kansa abin da littafin ya ba shi wanda kallo bai ba shi ba. Talabijin yana nuna fuska da motsi, amma ba ya shiga zuci sai da dabara. Zube kuwa aikinsa ke nan. Yana iya faɗa mana abin da yarinya ke saƙawa a ranta lokacin da ta yi shiru gaban mahaifinta, da dalilin da ya sa maƙetaci ya zama maƙetaci. Littafin da ya kwashe maganganun wasa kawai, ya yayyafa "ya ce" da "ta ce" a tsakaninsu, bai yi kome ba face rage wa wasan daɗi, tunda waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Wannan ma'auni ya fi nauyi a wurin matasa, domin shekarunsu na neman gane halin zuciya ne, tasu da ta wasu.

Ma'auni na huɗu: tsayawa da ƙafa

Ba duk wanda littafin ya faɗa hannunsa ne ya ga wasan ba. Wanda bai gani ba yana bukatar a gabatar masa da kowa, a siffanta masa gida da unguwa. Wanda ya gani kuwa, wannan bayani gundura ne a gare shi. A nan ne hukuncin masu karatu biyu kan saɓa a kan littafi guda: ɗaya ya ce an cika surutu, ɗaya ya ce an bar shi a duhu. Duk wanda zai yi nazarin ra'ayin masu karatu, wajibi ne ya fara tantance wane ne daga cikin biyun yake magana.

Ma'auni na biyar: idon manya

Littafin matasa alƙalai biyu gare shi, mai karantawa da mai biyan kuɗi. Uba ko malami yana duba tarbiyya da ingancin harshe, kuma sau da yawa yana zuwa da zargin cewa littafin da aka manna wa hoton ɗan wasa a bango haja ce kawai ta neman kuɗi. Zargin ba ya rasa tushe, domin farin jinin wasan ne ake sayarwa. Amma akwai abin da ya kamata a sa a ɗaya gefen sikelin. Yaron da ke jin Hausa a titi, bai taɓa karanta ta a takarda ba, ya fi saurin ɗaukar littafin da ya san mutanen cikinsa. Wanda ya gama irin wannan littafi ya sami ƙarfin halin buɗe Ruwan Bagaja ko Ganɗoki.

Hukuncin zamani

Duk waɗannan ma'aunai suna canzawa da lokaci. Sa'ad da ba a da na'urar naɗar hoto a gida, wasan da ya wuce ya wuce, littafi ne kaɗai hanyar komawa gare shi. Wani lokaci ma littafin kan wuce wasan daɗewa. Gidan BBC ya goge faya-fayen Doctor Who masu yawa na shekarun 1960, har ya zama matasa sun san waɗansu labaran ta littattafan Target ne. A 2013 aka sanar da gano kashi tara na ɓatattun a wani ɗakin ajiya na talabijin a Jos. Littafin da aka raina a matsayin ɗan rakiya, shi ya riƙe labarin tsawon shekarun da hoton ya ɓata.

A yau lamarin ya juya. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, kuma wasanni irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina ana iya sake kallonsu ta wayar hannu a duk lokacin da aka so. Wannan ya rage wa littafin maimaici amfani ƙwarai, ya kuma ƙara wa ma'auni na uku nauyi. Littafin da ba shi da abin ƙarawa a kan kallo, ba shi da dalilin fitowa.

Kammalawa

Mun ga cewa mai karatu ba ya zuwa wa littafin rakiya hannu rabbana. Yana zuwa da murya a kunnensa da hoto a idonsa, yana neman a ba shi abin da ya sani ba tare da an taɓa shi ba, a kuma ƙara masa abin da bai sani ba. Manazarcin da ya auna wannan littafi da jigo da salo da zubi da tsari kawai, ya bar rabin aikin, domin ɗaya rabin yana cikin wasan da littafin ya jingina da shi. Akwai aiki a gaban ɗaliban wannan sashe ta fuska biyu. Na farko, a kwatanta rubutattun wasannin Maƙarfi da na Ladan da abin da tsofaffin masu sauraro ke tunawa, tun suna raye. Na biyu, a zauna a tsara yadda za a rubuta Hausar bariki da sauran kare-karen harshe na birni a cikin ƙagaggen labari, ta yadda mai irin wannan Hausar zai karanta ya ga kansa ba tare da ya ji an muzanta shi ba.