Gasar kamun kifin da ba a cin kifin: me ke kai ma'aikatan Ingila bakin tafki ana tafka ruwa?

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin wannan makon domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Makon jiya wani abokina da ke aiki a wani kamfanin ajiyar kaya a Ingila ya turo min hoto. Mutum goma sha biyu jere a bakin tafki, kowa zaune kan akwatinsa ƙarƙashin ƙatuwar laima, ruwa kuwa kamar da bakin ƙwarya. Ya ce 'yan wurin aikinsu ne suka fita gasar kamun kifi ranar Asabar. Na ce to madalla, yau akwai farfesu. Ya ce ai ko ɗaya ba a tafi da shi gida ba, duk an mayar ruwa. Wallahi sai da na sake karanta saƙon. Awa biyar cikin ruwan sama, a tashi hannu Rabbana? Shi ya sa na ce yau mu zauna mu fahimci abin.

Mu fara da asali. A Birtaniya kifin kogi da tafki kashi biyu ne. Akwai irin su salmon, waɗanda a ƙarni na 19 masu sarauta da masu gonaki suka keɓe wa kansu. Sauran kuwa, irin su kaf, sai aka laƙaba musu sunan da ke nufin kifin gama-gari. Su ne rabon talaka. Leburorin masana'antu a garuruwa irin su Sheffield da Birmingham su suka riƙe wannan fatsa: a yi mako ana shaƙar hayaƙi, ranar hutu a hau jirgin ƙasa a tafi bakin kogi. Ƙungiyar masu fatsa ta Birmingham tun 1883 aka kafa ta, har yau tana nan. Kun ga ke nan abokan aiki su fita gasa tare ba sabon abu ba ne, gado ne.

To yaya ake yin ta? Da sassafe ake sa wa bakin ruwan lambobi, kowace lamba wurin zaman mutum ɗaya. Sai a zuba lambobin a jaka, kowa ya sa hannu ya zaro. Inda ƙuri'a ta jefa ka, nan za ka zauna har a tashi. Ku lura da wannan fa. Manaja ba shi da ikon cewa a ba shi wuri mai kyau. Yana iya zaro inda iska ke watsa masa ruwa a fuska, mai share ofishinsa kuma ya faɗa inda kifi ya taru. A busa usur a fara, galibi awa biyar, a sake busawa kowa ya janye ƙugiyarsa.

Abin da ake saƙala wa ƙugiya ba wani abin a zo a gani ba ne: tsutsa, tana, dafaffiyar masara, burodi. Wasu da sanda mai zare suke yi, wasu kuma da wata doguwar sanda marar nauyi da ake harhaɗawa, tsawonta kan kai mita 13 har 16. Duk kifin da ka kama sai ka sa shi a wata doguwar raga da ke nutse cikin ruwa, yana nan da ransa. In an tashi, a zagayo da sikeli, a auna na kowa da laba da oza, a rubuta, a juye kifin cikin tafki. Ba wanda ya kama mafi girma ke cinyewa ba, a'a, jimillar nauyi ake dubawa. Mai ƙananan kifi hamsin yana iya doke mai ƙato ɗaya. Don haka wasan na mai naci ne.

Yanzu batun ruwan sama. Me ya sa ba a ɗage gasar? Na farko, Ingila ce. In ka ce sai rana ta fito, ka daɗe kana jira. Na biyu, masu fatsa sun san hadari ba maƙiyinsu ba ne. In gari ya lumshe haske ya ragu, kifi ya fi sakin jiki ya fito kiwo. In ruwan ya ɗan gurɓace, ba ya ganin zare, ba ya ganin inuwar mutum. Mu ma ai muna cewa kifi na ganinka mai jar koma. To ranar hadari ganin nasa yana raguwa. Yayyafi mai ɗumi lokacin zafi yana farfaɗo da tafki, kifi ya ƙara kuzari. Amma in ruwan mai sanyi ne ya sauko da yawa, sai zafin tafkin ya faɗi, kifi ya lafe ya ƙi ci. Ranar nan za ka ga mutum ya yi awa uku ko motsi zarensa bai yi ba, yatsu sun ƙage, burodi ya jiƙe.

Abu ɗaya ne ba a wasa da shi: tsawa. Dogayen sandunan nan da kabon ake yin su, kuma kabon yana ɗaukar wuta. Da an ga walƙiya sai a kwantar da sanda a nemi mafaka. Haka ma ba a ɗaga ta kusa da wayar lantarki.

Mu dawo kan tambayar da ta dame ni: don me ake mayar da kifin? Amsar mai sauƙi ce. In kowa ya kwashe na yau, me za a kama mako mai zuwa? Kuma ba a bar abin ga halin kirki kaɗai ba, akwai doka. Duk wanda ya kai shekara 13 sai da lasisin hukumar kula da muhalli zai yi fatsa, in babu kuwa tara tana iya kaiwa fam 2,500. Daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni an hana kama irin wannan kifi a koguna, saboda lokacin da yake zuba ƙwai ne. Tushen wannan hutu wata doka ce ta 1878. A 1987 kuma aka hana yawancin ƙananan dalmar da ake ɗaura wa zare, don tsuntsayen ruwa suna haɗiya suna mutuwa.

Kada wani ya ce wannan sai Bature. Ku dubi Argungu. Bikin da ya samo asali tun 1934, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016, bai ɗore ba sai don akwai Sarkin Ruwa, akwai ƙa'idar lokacin da ake shiga Matan Fada da lokacin da ake barin kifi ya huta. Salon ne ya bambanta: can mutum goma sha biyu ne shiru da sanda, nan dubban mutane ne da homa da gora, kuma mafi girma ke cinyewa. Amma hikimar ɗaya ce. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, a wasu tafkunanmu da gidan sauro ake su, a kwashe har 'ya'yan kifi, wasu ma guba suke zubawa. Wannan cin amanar na baya ne.

Na tambayi abokin nawa wa ya ci. Ya ce wani direban motar ɗaukar kaya, manaja kuwa shi ne na biyun ƙarshe, kuma tun Litinin ake tsokanarsa yana dariya. Ya ce akwai wanda suka shekara biyu suna aiki tare, gaisuwa kawai ke haɗa su, sai ranar da laimarsa ta karye suka raɓa ƙarƙashin guda.

To ku fa? Yaushe rabon da ku da abokan aikinku ku haɗu a inda babu oga babu yaro? Masu sauraronmu na Yawuri da Baga da bakin Tiga kuma, ku faɗa mana a ƙasa ko har yanzu ana ba ruwa hutu a wajenku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.