Ka Rage Tuwo Saboda Ciwon Sukari? Kada Ka Ɓoye wa Masanin Abinci

A cikin ikilisiyoyinmu, daga Badariya a Birnin Kebbi har Argungu, akwai 'yan'uwa masu ciwon sukari da suka sake tsarin cin abincinsu da kansu. Sun rage tuwo, shinkafa, masa, burodi da kunu, sun koma ga kifi, ƙwai, awara da ganye. Wasu a WhatsApp suka gani, wasu kuma wata 'yar'uwa ce a Zumuntar Mata ta ce musu ta gwada sukarinta ya sauka. Amma ranar asibiti, idan masaniyar abinci ta ce, "Baba, kuna bin takardar da muka rubuta?" sai a ce, "I, Malama, ana bi." Alhali rabon takardar da ganin rana an yi wata uku.

Ba mugunta ke kawo wannan ba. Kunya ce, da tsoron kada a yi wa dattijo faɗa a gaban yara. Sai dai wannan ƙaramar ƙarya tana iya kai mutum ɗakin gaggawa.

Rage abinci mai sitaci ba laifi ba ne. Jiki yana narkar da sitaci ya mai da shi sukari, don haka wanda ya rage shi yakan ga awonsa ya sauka. A shekarar 2019 Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka ta fitar da rahoton masana da ya ce rage sitaci yana da hujja mai ƙarfi wajen daidaita sukarin jini. Masana da yawa suna kiran tsari "mai ƙarancin sitaci" idan bai kai giram 130 a rana ba. A nan ƙasar shinkafa, inda fadamar Rima take ciyar da mu, malmala biyu manya ta tuwo da kofin kunu mai sukari sun isa su kai mutum can. A lura kuma, wanda ya bar shinkafa ya koma tuwon alkama ko acha yana cika kwano, bai rage sitaci ba, suna kawai ya sake.

Haɗarin yana wajen magani. Likita yana auna magani daidai da abincin da aka ce masa ana ci. Allurar insulin da ƙwayoyi irin su glibenclamide, wadda da yawa suka sani da Daonil, suna saukar da sukari ko ka ci tuwo ko ba ka ci ba. In ka janye tuwon ka bar maganin yadda yake, sukari zai iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'urar awo, ko 3.9 a na'ura mai ɗaya ma'aunin. Alamunsa rawar jiki, zufa mai sanyi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani da ruɗewa. Akan ga mutum a tsakiyar sujada yana magana ba kan gado, a ɗauka wani abu ne na ruhu, alhali sukari yake bukata. Idan yana iya haɗiya, a ba shi cokalin shayi huɗu na sukari a ruwa ko rabin ƙaramar kwalbar lemo, a sake awo bayan minti 15. Idan ya suma, kada a zuba masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti.

Metformin kaɗai ba ta cika jawo wannan faɗuwa ba. Amma sababbin ƙwayoyi irin su empagliflozin da dapagliflozin, idan aka haɗa su da yanke sitaci sosai, suna iya sa jini ya yi tsami ko da awon sukari bai nuna tashi ba. Mai ciwon ƙoda kuma ba a barinsa ya cika nama da kifi yadda ya ga dama. Mai juna biyu tata dokar daban.

Littafi Mai Tsarki ya ba mu misali a Daniyel sura 1. Daniyel ya ƙudura ba zai ci abincin sarki ba, amma bai karɓa ya zubar a ɓoye ba. Ya faɗa wa shugaban da ke kula da su. Mutumin ya ji tsoro, domin in samarin suka rame kansa ne zai tafi. Sai Daniyel ya roƙi mai lura da su a gwada su kwana goma, a duba, sa'an nan a yanke shawara. Dalilin Daniyel na ibada ne, ba na ciwo ba, amma hanyarsa ta dace da mu: ya faɗi abin da yake so, ya gane nauyin da ke kan mai kula da shi, ya yarda a gwada a gani. Afisawa 4:25 ma ta umurce mu mu faɗa wa juna gaskiya, ba ta kuwa cire ma'aikacin asibiti daga ciki ba.

To, ko a Asibitin Sir Yahaya kake ganin likita, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, ko babban asibitin Argungu, ka je da shiri. Kwana uku kafin ranarka, ka rubuta duk abin da ya shiga bakinka, har fura da gyaɗar hanya, ko jika ya rubuta maka. Ka tafi da kwalayen magungunanka duka. Ka faɗi ruwan shuwaka ko zogale ko jiƙon da kake sha, ka faɗi in kana shirin shiga azumin ikilisiya, domin azumi ma yana bukatar gyaran magani. Sa'an nan ka ce, "Malama, gaskiya na daina tuwon dare wata biyu ke nan. Ga awona. Ina so in ci gaba, ki nuna mini yadda zan yi lafiya."

Mai yiwuwa ta yarda, ta tura ka wurin likita a rage magani. Mai yiwuwa ta ƙi. In ta ƙi, ka tambayi dalili cikin ladabi, domin wataƙila ta ga wani abu a sakamakon ƙodarka. In babu irin wannan matsala, ka roƙi a gwada na wata uku kana awo a gida, daga nan a yi gwajin HbA1c, wanda yake nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku da suka wuce. Kafin ka bar asibitin, ka tabbata an rubuta maka adadin maganin da za ka sha a wannan lokaci, da ranar da za ka komo.