Rigar Gyaran Baya: Darasin da Kullen Korona Ya Bar Wa Iyaye

Akwai wata magana da ke yawo a bakin iyaye mata daga Panshekara zuwa Zawaciki, har can Kura da Bunkure, cewa rigar robar nan mai tauri da likitocin ƙashi ke ba yara masu karkacewar ƙashin baya ba ta da amfani. Hujjarsu ita ce, ai 'yar wance ta sa ta wata da watanni amma bayanta bai miƙe ba, daga ƙarshe sai da aka yi maganar tiyata. Abin da ba a tambaya shi ne: awa nawa yarinyar take sa ta a rana, kuma me ya faru da ita a shekarar 2020?

Wannan lalura takan bayyana ne tsakanin shekara 10 zuwa 18, kuma tana shafar yara biyu zuwa uku cikin ɗari. Ta fi tsananta ga 'yan mata. Ba jifa ba ne, ba kuma jakar makaranta ko tulun ruwa ke kawo ta ba. Ta bambanta da ƙusumbin da tarin fuka ke haddasawa idan ya ci ƙashin baya. Sau da yawa ba ta ciwo, ga hijabi ya rufe komai, don haka tela ne kan fara lura wajen awon ɗinkin sallah: kafaɗa ɗaya ta ɗara ɗaya, gefen riga guda ya fi sauka.

Likita kan auna karkatar da hoton ƙashi. Idan ta kai digiri 25 zuwa 40 kuma yarinya tana kan girma, sai a ba ta riga. Idan ta kusa 50, an shiga batun tiyata. To a nan ne kuskuren masu cewa ba ta da amfani yake. Aikin rigar shi ne ta hana bayan ƙara karkacewa har girma ya tsaya. Ba ɗori ba ne da za a kwance bayan kwana arba'in a ga ƙashi ya koma daidai, kuma tausar mai ɗori ba ta maye gurbinta.

Duk wanda ya taɓa dasa mangwaro ya san ana kafa wa dashe sanda ne tun yana ɗanye. Idan ka ɗaure shi da safe ka kwance da azahar, inda ya nufa can zai tafi. Manomin shinkafa a Kadawa ba ya hana gonarsa ruwan Tiga mako uku, sannan ya malala mata na wata guda a yini ɗaya ya ce ya rama. Haka rigar take, awoyi ne maganinta. Binciken da Dakta Stuart Weinstein na Jami'ar Iowa a Amurka ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2013, ya nuna kashi 72 cikin ɗari na masu sa rigar ba su kai matakin tiyata ba, alhali a cikin waɗanda aka zuba wa ido kawai kashi 48 ne. An umarci masu sa rigar da awa 18 a rana. Waɗanda suka kai awa 13 zuwa sama, kusan tara cikin goma sun tsira, masu ƙasa da awa shida kuwa kusan daidai suke da wanda bai sa ba.

Yanzu a tuna watan Afrilun 2020. An samu mai korona na farko a Kano ranar 11 ga wata, aka rufe gari ranar 16, azumi ya kama cikin tsananin zafi. Ka ɗauki yarinya 'yar shekara 13 a ɗaki mai kwanon rufi, babu wuta, roba ta manne mata tun daga hammata har ƙugu, ga ƙuraje sun feso. Uwa ta tausaya ta ce, "Cire ki sha iska, in an buɗe gari ma koma asibitin Dala." Kulle bai ɗage gaba ɗaya ba sai watan Yuli, tsoron asibiti kuwa ya wuce nan. Amma girma bai shiga kulle ba. Yarinya ta ƙara tsawo, riga ta matse, aka jefa ta ƙarƙashin gado, alhali ana son likita ya duba ta duk bayan wata huɗu zuwa shida.

Ban ga laifin uwar da tausayi ya rinjaya ba. Amma ya kamata hukumomin lafiya su riƙa tunawa da masu doguwar jinya duk lokacin da za a rufe hanya, ko da lambar waya ce da iyaye za su kira. Gwajin farko ma ba ya cin ko sisi: yarinya ta sunkuya hannuwa a sake, a duba ko haƙarƙarin gefe ɗaya ya fi tudu. Me zai hana a koya wa malaman firamare da na Islamiyya a Kumbotso wannan gwaji?

Iyaye, a sa mata shimi na auduga a ƙarƙashin rigar, a rubuta awoyin kullum a littafi, a hana 'yan'uwa tsokanarta. In ta matse, a koma Asibitin Ƙashi na Dala a gyara, kada a ajiye. Shekarun girma kaɗan ne, kuma in sun wuce ba sa dawowa.