Siyasar Bayan Fage: Abin Da Musun Masoya Kokawar Zamani A Lafiya Ke Nuna Wa Masu Kula Da Dambe

A lokacin da ake fara shirin Raw na kamfanin WWE da ƙarfe takwas na daren Litinin a gabashin Amurka, a Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, dare ya riga ya raba, agogo na nuna ƙarfe ɗaya ko biyu. Kaɗan ne ke iya hana idonsu barci har zuwa wannan lokaci. Mafi yawan masoya kokawar zamani, wadda matasa ke kira resilin, sai gari ya waye suke bin gutsattsarin wasan a wayoyinsu. Daga nan musu ke tashi, a shagon aski, a teburin mai shayi, a majalisar yamma, har a tsakanin ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Lafiya.

Wanda bai saba ba zai ɗauka ana musu ne a kan wa ya fi wa ƙarfi. Idan ya kasa kunne da kyau, zai ji tambayoyin sun sha bamban da haka: wa ya yanke shawarar a ba wane kambu? Wane ɗan wasa ne ke da uwa a gindin murhu? Wa aka danne don ya saɓa wa shugabanni? Mai kallo ya san an tsara sakamakon tun kafin a hau dandali, don haka hankalinsa ya koma kan masu tsarawar. Ga ma'aikacin gwamnati da ya san yadda ake rabon muƙami da ƙarin girma, wannan zance ba baƙo ba ne.

Sirrin da ya daina zama sirri

'Yan Nijeriya sun daɗe da sanin wannan wasa. A shekarun 1970, Michael Okpala, wanda aka fi sani da Power Mike, ya yi suna a faɗin Afirka, kuma bayan ya yi ritaya ya koma shirya wasanni. A shekarun 1980 gidajen talabijin na gwamnati sun riƙa nuna wasannin ƙetare, sunaye irin su Mighty Igor suka shiga bakin yara. A wancan zamani, cewa wasan shiri ne na iya jawo wa mutum faɗa.

Kamfanin da kansa ne ya fasa ƙwan. A 1989, lokacin yana amsa sunan WWF, ya shaida wa 'yan majalisar Jihar New Jersey cewa abin da yake yi nishaɗi ne, ba gasar gaske ba. Dalilin kuwa na kuɗi ne: yana son fita daga ƙarƙashin hukumar wasanni ta jihar da ƙa'idojinta da kuɗaɗen da take karɓa. Bayan shekara takwas, a ranar 9 ga Nuwamban 1997, a birnin Montreal na Kanada, mai kamfanin, Vince McMahon, ya sa aka kaɗa ƙararrawa aka ƙwace kambu daga hannun Bret Hart ba tare da saninsa ba, domin yana shirin komawa kamfanin WCW, abokin hamayya. Tun daga wannan rana abin da ke faruwa a bayan labule ya zama wani wasan na daban, wanda sau da yawa ya fi na kan dandali jan hankali.

Ranar da 'yan kallo suka tanƙwara shugabanni

Misalin da masoya wasan suka fi kafa hujja da shi a 'yan shekarun nan shi ne na farkon 2024. Cody Rhodes ya lashe gasar Royal Rumble a watan Janairu, abin da ya ba shi damar neman kambu a babban taron shekara, WrestleMania. A cikin watan ne kuma aka naɗa Dwayne Johnson, wato The Rock, a kwamitin gudanarwa na TKO, kamfanin da ya haɗe WWE da UFC tun Satumban 2023. Kwatsam, a farkon Fabrairu, sai aka nuna Cody ya janye ya bar wa The Rock fage domin ya kara da Roman Reigns.

'Yan kallo suka ce ba su yarda ba. Aka yi ta ihu a filayen wasa, aka cika intanet da ƙorafi. Cikin mako guda kamfanin ya sauya labarin. A watan Afrilu, a Philadelphia, Cody ya kayar da Roman, ya kawo ƙarshen mulkinsa na kwana 1,316.

Har yau ra'ayi ya kasu a kan wannan al'amari. Wani ɓangare na ganin nasara ce ta talaka mai sayen tikiti a kan mai kujera. Wani ɓangaren na cewa kamfani bai yi asarar komai ba, hasali ma fushin jama'a ya juya ya zama ciniki. Duk ɓangarorin biyu suna da abin kamawa, domin a watan Janairun nan ne aka sanar da yarjejeniyar da ta kai Raw zuwa Netflix a kan kimanin dala biliyan 5 na shekara goma, kuma a watan ne McMahon ya sauka daga muƙaminsa bayan wata tsohuwar ma'aikaciya ta shigar da ƙarar cin zarafi, zargin da ya musanta. Ragamar tsara labarai tana hannun surukinsa, Paul Levesque, wato Triple H. Matar McMahon kuwa, Linda, ita ce Sakatariyar Ilimi ta Amurka tun Maris na 2025. Wanda ya ce siyasar resilin ta tsaya a ɗakin sauya kaya bai bi labarin har ƙarshe ba.

Ɗan Tibi a WrestleMania

Akwai dalili na musamman da ya sa zancen ya shafi wannan yanki. Apollo Crews, wanda sunansa na yanka Sesugh Uhaa, ɗan ƙabilar Tibi ne ta wajen asali, mahaifinsa daga Jihar Binuwai, ko da yake a Amurka aka haife shi. Tibi na da yawa a kudancin Nasarawa, kuma daga Lafiya zuwa Makurɗi tafiya ce ta kusan kilomita 100. A 2021 aka sauya masa kama: ya fara fitowa a matsayin jinin sarauta daga Nijeriya, da mayafi mai launin tutar ƙasa, da mashi, da karin harshen da ba nasa ba. A WrestleMania ta wannan shekara ya doke Big E ya karɓi kambun Intercontinental, a wani wasa da aka jera ganguna aka laƙaba masa sunan Nijeriya.

Wasu sun yi alfahari da jin an ambaci Tibi a gaban miliyoyin jama'a. Wasu kuwa sun ga abin a matsayin tsohon hoton da Bature ke da shi na Afirka, na mashi da ganga, aka sake yi masa fenti. Musun ya sake tasowa a kan Omos, dogon nan haifaffen Legas, wanda aka haɗa da Brock Lesnar a 2023 ya sha kaye, daga baya kuma aka rage ganinsa. Oba Femi, tsohon ɗan wasan jifan dalma wanda shi ma daga Legas ya fito, ya riƙe kambun Arewacin Amurka na NXT a Janairun 2024, ya kuma ɗauki babban kambun NXT a Janairun 2025. Tambayar da ke bin duka ukun ɗaya ce: ɗan wasa zai iya tashi da ƙwazonsa kaɗai, ko sai alƙalamin mai rubuta labari ya so shi?

Inda kalmar "shiri" take zagi

Matashin da ke dariya idan an ce resilin shiri ne, shi ne kuma zai ɓata rai idan aka faɗi haka a kan dambe. A nan ne batun ya dawo gida. Jihar Nasarawa na ɗaya daga cikin cibiyoyin damben gargajiya a yau, musamman gidan damben Idris Bambarewa da ke Maraba, a bakin iyakar Abuja, kamar yadda gidan Ali Zuma yake a Dei-Dei. Dambe ya taso ne daga rundawa, wato mahauta, waɗanda kan bi garuruwa bayan kaka. 'Yan wasa sun kasu gida uku: Arewa, waɗanda ake kira Jamus, da Kudu, da Guramada. Ana sa zare, a yi turmi uku. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi, idan ba a samu haka ba a raba babu kisa.

Darajar wannan wasa gaba ɗaya ta rataya ne a kan gaskiyar kisa. Sunan Shago bai kai inda ya kai ba, kuma waƙoƙin Ɗan Anace ba su yi tasirin da suka yi ba, sai don jama'a sun yi imani cewa hannun da aka wasa ya kai ƙato ƙasa da gaske. Duk da haka dambe ma yana da tasa siyasar. Wa zai sa zare da wa, wane gida ne zai ɗauke fitaccen ɗan wasa daga wani, yadda alƙali ya ga faɗuwa ko bai gani ba, nawa aka biya wane: duk waɗannan abubuwa ne da ake warwarewa a bayan fage, galibi da baki, ba tare da takarda ba.

A Jamhuriyar Nijar an bi wata hanya. Tun 1975 gwamnati ta ɗauki kokawar gargajiya ta mayar da ita gasar ƙasa, inda jihohi takwas ke turo 'yan kokawa goma-goma domin neman takobi. Wannan tsari ne ya fito da zakaru irin su Issaka Issaka na Dosso. Bai kawar da gardama ba, amma ya samar da dokoki rubutattu da hukumar da za a kai wa ƙara.

Kuɗi sun fara shigowa

Dambe na cikin wani sauyi. Tashar Dambe Warriors a YouTube ta kai wasan gaban miliyoyin masu kallo a ƙetare. Kamfanin African Warriors Fighting Championship na Maxwell Kalu ya shigo da tsarin awon nauyi da ƙa'idoji, ya kuma samu ɗaukar nauyi daga Stake, kamfanin caca ta intanet. Wannan ci gaba ne da zai iya fitar da ɗan dambe daga rayuwar hannu baka hannu ƙwarya. Sai dai tarihin resilin ya nuna abin da kan biyo baya. Shi ma da gasar gaske ya fara a ƙarni na 19, kafin masu shirya wasa su gane cewa sakamakon da aka tsara ya fi kawo riba, ya fi saukin tallatawa. Duk inda kyamara da caca suka haɗu a kan wasan da ba shi da hukuma mai ƙarfi, jarabar sayar da kisa na nan.

Akwai kuma darasin haƙƙin ɗan wasa. Duk da biliyoyin da WWE ke samu, 'yan wasanta ba ma'aikata ba ne a idon doka, 'yan kwangila ne, kuma ba su da ƙungiyar ƙwadago. Jesse Ventura, wanda daga baya ya zama gwamnan Minnesota, ya yi yunƙurin kafa ta a 1986, abin bai yiwu ba. Idan haka lamarin yake a Amurka, ina ga saurayin da ya bar ƙauye ya zo Maraba, ba shi da yarjejeniya, ba shi da inshora, idan muƙamuƙinsa ya karye sai dai 'yan ɓangarensu su yi masa karo-karo?

Aikin da ke jiran Abuja da Lafiya

A watan Oktoban 2024 Gwamnatin Tarayya ta rushe Ma'aikatar Wasanni ta miƙa aikinta ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa, ƙarƙashin Shehu Dikko. A watan Nuwamban shekarar kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar caca hurumin jihohi ne, ban da Babban Birnin Tarayya. Ma'anar wannan a aikace ita ce, cacar da aka yi a kan damben Dei-Dei tana ƙarƙashin ikon tarayya, wadda aka yi a kan na Maraba kuwa alhakin gwamnatin da ke zaune a Lafiya ne, alhali 'yan wasan ɗaya ne, suna kai da komo tsakanin gidajen biyu. Idan ɓangarorin ba su haɗa kai ba, ɓaraka za ta samu wurin shiga.

Abubuwan da ake buƙata ba su fi ƙarfin hukuma ba: rajistar 'yan dambe da tarihin raunukansu, likita a bakin fili a duk ranar wasa, hutun dole ga wanda ya suma, rubutacciyar yarjejeniya a harshen da ɗan wasa ke ji, alƙalan da ba mai gida ke biyansu kai tsaye ba, da haramta wa ɗan wasa ko ubangidansa yin caca a kan wasan da suke ciki. Dole ne kuma a yi wannan tare da sarakunan dambe da shugabannin ɓangarorin uku, domin dokar da aka rubuta a ofis ba tare da su ba a kan takarda za ta tsaya.

Masoya resilin a Lafiya sun riga sun ƙware wajen karanta abin da ke bayan labule. Sun san alamar ɗan wasan da ake son ɗagawa, sun san ta wanda aka yi watsi da shi. Da wannan ido suke zuwa gidan dambe. A resilin sun amince a yaudare su domin an faɗa musu tun farko. A dambe kuwa ba su ba kowa wannan izini ba, kuma ranar da suka fara zargin an sayar da kisa, babu yawan kuɗin talla da zai dawo da su bakin fili.