Inda Kogi Ke Faɗawa Teku: Tattakinmu Zuwa Magangarar Lobe

A darasin labarin ƙasa an koya mana cewa kogi yakan isa teku ne a gajiye, yana tafiya sannu a hankali, yana zubar da laka da yashi, kamar yadda kogin Neja ke rarrabuwa kafin ya shiga Tekun Atlantika. To kogin Lobe da ke kudancin Kamaru bai bi wannan tsarin ba. Shi daga kan dutse yake zubowa kai tsaye cikin teku, kuma wurare irin wannan ba su da yawa a duniya. Abin da ya sa muka ɗaura takalmanmu ke nan, muka je mu gane wa idonmu.

Daga Kribi muka faro

Kribi gari ne na masunta da 'yan yawon buɗe ido a gaɓar teku, kudu da Douala. A nan ne bututun man da ya taso daga yankin Doba na ƙasar Chadi ya ƙare, bayan tafiyar kilomita 1,070. A bakin ruwa kuma har yanzu akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906, zamanin da suke mulkin ƙasar.

Daga gari zuwa magangarar kusan kilomita bakwai ne. Akwai 'yan acaɓa, amma mu ƙafa muka zaɓa, muka bi gaɓar teku tun da sanyin safiya. Teku na damanmu, bishiyoyin kwakwa na hagunmu. Ba mu yi nisa ba muka gane cewa tafiya a busasshen rairayi ba wasa ba ce, domin ƙafa nutsewa take yi, sharaɓa ta ɗau zafi. Wani masunci da ya ga muna haki ya ce, “Yarana, ku matso inda ruwa ya jiƙa, ya fi tauri.” Haka kuwa aka yi, tafiya ta yi sauƙi.

Kuskuren da muka tafka

Ba mu tambayi lokacin cikar teku ba. Sau biyu a kowace rana teku na cika tana janyewa, galibi saboda yadda wata ke jan ruwan duniya. Muna tsaka da ɗaukar hotuna ruwa ya fara cinye hanyar da muke bi, sai da muka haye kan duwatsu. Duwatsun kuwa duk gansakuka, santsi kamar an shafa musu sabulu. Ɗaya daga cikinmu, wanda ya zo da silifas, ya zame ya kuje gwiwa. Allah Ya taƙaita, raunin bai yi zurfi ba, muka wanke da ruwan gora muka ɗaure. Amma kowa ya yi shiru, don mun ga yadda igiyar ruwa ke dukan inda ya kusa faɗawa. Daga nan muka haura kan titi, muka ƙarasa ta tudu. Da ma an ce rigakafi ya fi magani.

Ga Lobe

Rugugin ne ya fara riskar mu. Da muka ɓullo, sai ga farin ruwa ya rabu gida-gida yana gangarowa daga kan baƙaƙen duwatsu, ƙasansa kuwa teku ce. Tsayinta bai wuce kamar mita 20 ba, don haka wanda ya san Farin Ruwa ta jihar Nasarawa ba tsayin ne zai burge shi ba. Abin mamakin shi ne haɗuwar ruwan daɗi da ruwan gishiri a gaban idonka.

Me ya kawo haka? Dutsen da kogin ke bi ta kansa a daidai gaɓar mai tauri ne ƙwarai. Ruwa bai iya zaizaye shi ya yi wa kansa shimfiɗaɗɗiyar hanya ba, shi ya sa dole ya yi tsalle.

Masu kwalekwale suka kai mu kusa, feshin ruwa ya jiƙa mu sharkaf. A bakin gaɓa mata na soya jatan lande, abincin da Kribi ta yi suna a kansa. Sunan ƙasar ma daga nan ya samo asali: Turawan Fotugal da suka iso bakin kogin Wouri a ƙarni na 15 sun tarar da jatan lande jingim, suka raɗa wa kogin sunansa a harshensu, daga baya sunan ya bi ƙasar.

Wurin yana da masu shi

Al'ummomin Batanga da Mabi da Bagyeli sun daɗe suna rayuwa a yankin, kuma suna ɗaukar magangarar da matuƙar daraja a al'adunsu. A 2006 Kamaru ta sa ta cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Sai dai yankin na sauyawa da sauri. A 2018 aka buɗe babbar tashar jiragen ruwa a kudu da wurin, gonakin kwakwar manja da na roba sun ci daji mai yawa, mu kuma da idonmu mun ga robobin lemo suna yawo a gindin ruwan. Kafin mu tafi mun cika leda biyu da su.

Idan tafiya ta kama ku

Ko Lobe za ku, ko Gurara, ko Matsirga ta Kafanchan, ku tafi da babba, ku sanar da gida, ku sa takalmi mai kama ƙasa, ku riƙi ruwan sha. Kada wanda ya hau jiƙaƙƙen dutse don hoto. A bakin teku kuwa, tambayar farko ga masunta ita ce, “Baba, yaushe ruwa zai cika?”